Tambaya da Amsa: Daga sutudiyon Sakkwato zuwa dandalin Amurka, yadda Mdou Moctar ya yi suna

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan Mdou Moctar suke, makaɗin jitar nan na Nijar, da ƙungiyarsa ta kiɗan rok. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a nan Sakkwato Mdou Moctar ya fara ɗaukar waƙa. Da gaske ne? In haka ne, me ya sa tsofaffin waƙoƙinsa suke kama da na finafinan Hausa, na yanzu kuwa sai kukan jita? (Mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden. A shekarar 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Wanda ya san hanyar ba zai yi mamaki ba, domin daga Tawa in ka bi ta Birnin Ƙonni ka shiga Illela, Sakkwato ta fi maka Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Ita wannan kama da kunnenka ya ji kuwa daga ɗakin ɗaukar ta samo asali. Sutudiyon da suka cika arewacin Najeriya a wancan zamani na waƙar fim ne, wato nanaye. Ɗaki guda ne da kwamfuta, da fiyano irin Yamaha PSR, da makirfo ɗaya. Babu wurin kafa ganguna, balle makirfo shida ko takwas da gangunan ke bukata. Mai jita in ya shiga irin wannan ɗaki, dole waƙarsa ta bi tsarin masu ɗakin: a fara shimfiɗa bugun ganga na inji, ya kaɗa jita a kai, sannan ya rera, daga ƙarshe a bi muryar da Auto-Tune.

Ita wannan manhaja ta kamfanin Antares ce, ta fito a 1997, kuma asalin aikinta gyara muryar da ta ɗan kauce hanya. Tana da ma'aunin saurin gyara. In an sassauta shi, tana jawo muryar a hankali, kunne ba zai gane an taɓa ta ba. In aka kai shi sifili, murya ba ta ƙara gangarawa daga wani sauti zuwa wani, tsalle take yi, sai ka ji ta zama ta inji. Waƙar Abzinawa galibi a kan matakan sauti biyar ake gina ta, tazarar da ke tsakanin matakan tana da faɗi, shi ya sa tsallen ke fitowa raɗau. Inda masu haɗa sauti suke yin ɓarna shi ne su bar manhajar a buɗe a kan matakai 12 duka. Mawaƙi ya ja murya tsakanin matakai biyu maƙwabta, manhajar ta rasa wanda za ta kama, sai muryar ta riƙa karkarwa. Maganinsa a lalubo matakai biyar na waƙar a kan fiyano, a kashe bakwai ɗin da suka rage.

A ganinmu bai kamata a ɗauki Anar a matsayin gwajin ƙuruciya da aka wuce ba. Waƙoƙi ne masu sanyi cikin Tamashek, harshen Abzinawa, sanye da rigar nanaye. Masu jita a ƙasar Abzin ba su ƙirguwa, yawancinsu a sawun ƙungiyar Tinariwen ta Mali da makaɗi Abdallah Oumbadougou na Nijar suke tafiya, kuma wannan haɗi na Sakkwato ne ya sa aka iya ware muryar Mdou daga cikin taron.

Tambaya: An ce babu kamfanin da ya fitar da waɗannan waƙoƙi, to ta yaya suka kai har ƙasashen Turawa? Sannan waɗanda ke cikin tsohon memorina ba su da daɗin ji, kamar daga cikin rijiya. Yawan turawa ta Bluetooth ne ya cinye su? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, wayar hannu ce ta yi aikin kamfani. Kafin intanet ta wadata a waya, waƙa tana tafiya ne daga memori zuwa memori: a tashar mota, a majalisar shayi, a wurin masu tura waƙoƙi na bakin kasuwa. Lissafin mai sauƙi ne. MP3 mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, waƙar minti huɗu ke nan megabait huɗu, memori mai gigabait biyu zai ɗauki wajen waƙa 500. Bluetooth ba ya cin kuɗin kati, ba ya bukatar sabis, iyaka wayoyin biyu su kasance cikin tazarar mita goma. Direban da ya kwana a Agadas zai iya sauke waƙa a Tamanraset, wani ya ɗauke ta daga can zuwa arewacin Mali, mawaƙin yana gida bai ma sani ba.

A garin Kidal na Mali ne wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya zauna yana musayar waƙoƙi da mutane, yana kwafe abin da ke cikin wayoyinsu. Daga ciki ya haɗa faifan Music from Saharan Cellphones da ya fito a 2011, kuma waƙar Mdou mai suna Tahoultine tana ciki. Wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin, domin ya nemi izininsu ya kuma ba su kasonsu na ciniki. Fayil ɗin da ya ratsa wayoyi ɗari yakan iso da guntun suna, ko da sunan da wani ya laƙaba masa, ba gari ba lambar waya. Sai da aka yi cigiya kafin a samo Mdou. Shi kansa Anar bai fito a kan faifan garmaho ba sai 2014, shekara shida bayan ɗaukarsa. Abin da ke damun mu a wannan labari shi ne waɗanda ba a samo ba. Waƙarsu ta zaga Sahara, sunansu bai bi ta ba, ko sisi bai shiga aljihunsu ba.

Batun memorinki kuwa, a wanke Bluetooth, ba laifinsa ba ne. Kaset ne ke raguwa duk lokacin da aka kwafe shi daga wani kaset, shuu ɗinsa na ƙaruwa. Fayil kuwa ko sau dubu aka tura shi, yadda ya tashi haka zai sauka. Ɓarnar tana faruwa ne a wurin matsewa. Wani zai rage waƙar daga kilobit 128 zuwa 64 ko 32 don ta shiga ƙaramin memori, wani ya juya ta zuwa bidiyon 3GP, wani kuma ya kara wayarsa a bakin lasifika ya ɗauka da rikodar waya. Rikodar tsofaffin wayoyi da tsarin AMR take aiki, wanda don maganar baki aka yi shi, ba ya riƙe sautin da kaifinsa ya haura wajen hez 3,400 (hez shi ne ma'aunin kaifin sauti). Ƙyallin tsirkiya da kaifin tafi duk a sama da nan suke, shi ya sa kike jin dushewar. Abin da aka yanke ba ya dawowa, ko da an sake juya fayil ɗin zuwa kilobit 320. Sai dai ki nemi kwafi na asali.

Tambaya: Shin Mdou Moctar mutum ɗaya ne ko ƙungiya? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Duka biyun. Sunan mutum ne da ya zama sunan ƙungiyar mutum huɗu: shi da jitar gaba da waƙa, Ahmoudou Madassane da jitar rakiya, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun da jitar bes, wanda kuma shi ne mai haɗa musu sauti a kundayen baya-bayan nan. Kafin a kai ga haka akwai kundin Afelan na 2013 da aka ɗauka kai tsaye a Cintabaraden, da wani fim cikin Tamashek da aka yi a Agadas ya fito a 2015 Mdou na jarumi, da Sousoume Tamachek na 2017 da ya ɗauka shi kaɗai a Portland. Kundin farko na cikakkiyar ƙungiya a sutudiyo shi ne Ilana na 2019, a birnin Detroit. Daga nan kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, ya fitar da Afrique Victime a watan Mayun 2021, wanda shi ne ya buɗe musu manyan dandali. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, an rufe iyakokin Nijar, sai da suka ɗau lokaci kafin su koma gida. Zafin da ake ji a kiɗan nasu ba a Detroit aka koye shi ba, kiɗan bikin aure ne na Agadas, inda ganga ke ƙara gudu sannu a hankali har masu rawa su jiƙe.

Tambaya: Ni bahago ne kamar Mdou, kuma na ji da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na samu jitar lantarki ta hannun dama a gwanjo. In juya ta kawai in sake jera tsirkiyoyin? (Matashi daga Damagaram)

Amsa: Ƙanena, labarin wayar birki gaskiya ne, da ita da katako ya fara, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Amma kada ka sa wayar birki a jitar kanti. In an warware ta, silin duk kaurinsu ɗaya, alhali jita tana son tsirkiya shida masu kauri daban-daban, daga inci 0.010 zuwa 0.046 a jerin da aka fi amfani da shi.

Juyawa tana yiwuwa, amma ba a jera tsirkiya kawai ake tsayawa ba. Akwai ɗan farin ƙashi a saman wuyan jita mai tsagi shida, kowane tsagi daidai kaurin tsirkiyarsa. In ka juya jerin ba ka canza shi ba, mai kauri za ta hau kan siririn tsagi ta yi tudu ta gagari yatsa, siririyar kuma ta yi ta rawa cikin faffaɗan tsagi tana zuza. Ka sa a cire shi a saka na bahago. Bayan haka sai gadar ƙasa. A jita irin Stratocaster kowace tsirkiya tana da nata sirdin da sukurun daidaitawa. Ka saita tsirkiyar a sake da na'urar saiti, sannan ka danna ta a gaɓa ta 12. In sautin ya haura, ja sirdin baya tsirkiyar ta ƙara tsawo. In ya gaza, matso da shi gaba. Haka za ka bi su shida. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ji jitarsa daidai a kusa da kai, tana ƙarya a kusa da ciki.

Sauran biyu ƙanana ne amma suna ban haushi. Maɓallin rataya sai an mai da shi ɗaya ƙahon, kuma maɓallan ƙara sauti za su koma ƙarƙashin damtsenka, kana kiɗa kana rage wa kanka murya. Ɗan salatif a gindin maɓallin yana hana shi juyawa. In jitar katako ce marar lantarki, aikin ya fi haka, don sirdinta guda ne a karkace, sai kafinta ya cike ramin ya yanka sabo ta ɗaya gefen.

Tambaya: Ina haya da kayan sauti a bukukuwa. Ina so in ɗauki makaɗanmu a fili kamar yadda aka yi Afelan, amma kullum sai gurnani da fashewar sauti su ɓata aikin. Ina mafita? (Mai kayan sauti daga Tawa)

Amsa: Maigida, matsala uku ce ta haɗe maka, kowace da maganinta.

Gurnanin iri biyu ne. Akwai ƙarar janareta da ke shiga makirfo ta iska. Duk lokacin da ka ninka tazara, ƙarar na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), saboda haka janaretan da ke mita 5 in ka kai shi mita 20 ka rage desibel 12, in ka sa katanga a tsakani ka ƙara samun sauƙi. Ka sayi waya mai kauri don wannan nisa, siririya tana zubar da wuta, amfilifaya ta riƙa shaƙewa. Akwai kuma gurnanin wutar kanta, mai hez 50, da ke shiga ta maganaɗisun jita. Stratocaster ta yi ƙaurin suna a nan. Makunninta yana da matsayi biyar, kuma a yawancin na zamani matsayi na 2 da na 4 suna haɗa maganaɗisu biyu su kashe gurnanin. Wayar jita kada ta wuce mita 6, kada ta kwanta a jikin wayar wuta, in dole su haɗu to su gitta juna. Amfilifaya da mikisa da rikoda duk su sha wuta daga soket guda.

Fashewar kuwa daga gwaji take. Makaɗi a lokacin gwaji yana kaɗawa da ladabi, in amarya ta fito aka fara liƙi sai hannunsa ya ninka nauyi, ganga ta ƙara gudu. Ka saita rikoda yadda bugu mafi ƙarfi a gwaji zai tsaya a desibel 12 ƙasa da sifili. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi a kwamfuta, wanda ya fashe ya tafi ke nan. Ka ɗauka a WAV, wato tsarin fayil da ba a matse shi ba, bit 24, kilohez 48. Layi biyu suna cin wajen gigabait ɗaya a awa, layi huɗu gigabait biyu, ka tanadi memori daidai da haka.

Na uku ba ka ambata ba amma muna da tabbacin kana fama da shi: murya tana nitsewa cikin jita. In rikodarka mai layi huɗu ce, ka ba murya layinta daga mikisa kai tsaye. Layi na biyu makirfo irin Shure SM57 a gaban amfilifayar jita, tazarar yatsa biyu daga ragar, a ɗan kauce wa tsakiyar lasifika don tsakiyar tana da tsini. Sauran biyun ka ɗaga su a kan sanda kamar mita biyu, taku uku ko huɗu daga makaɗan, su kwaso ganguna da tafi da guɗa. Ka sa musu soso mai gashi saboda iska, musamman da hunturu, ka kuma rufe rikodar da ƙyalle saboda ƙura.

In ka gama haɗawa, ka adana WAV ɗin a wuri biyu, ka fitar da MP3 sau ɗaya tak daga gare shi, a kilobit 192 ko sama. Kafin ka tura wa kowa, ka rubuta sunan mawaƙi da garinsu da shekara a sunan fayil ɗin, ka sake rubutawa a cikin bayanan ID3 da ke cikinsa, domin wayoyi da yawa na ciki suke nunawa, kuma shi ne ke tsira in wani ya canza sunan waje.