Ni ma benci da hula ne suka kai ni bayan kanta

Assalamu alaikum. Ƙanina mai tambaya, wallahi ina karanta saƙonka sai da na ajiye almakashi, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce shagonka na cajin waya yana kallon firamaren da ake kawo akwatin unguwarku, akwai fostar ɗan takara manne a ƙofar, kuma wani jagoran mazaɓa ya ce ranar zaɓe ka fito da benci ka zauna kana tuna wa jama'a inda za su dangwala, da yamma zai sallame ka. Kana tambaya ko laifi ne. Laifi ne, kuma ni ba a takarda na fara sani ba.

Zaɓen gwamna na 2023 ne, wanda aka ɗaga daga 11 ga Maris zuwa 18 saboda sake saita BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Saura kwana biyar a ɗauki azumi, ga wahalar canjin kuɗin nan da duk muka ɗanɗana. Ɗinki ya tsaya mini cak, wanda ya kawo yadi ma ba shi da tsabar da zai ba ni ko kafin alƙalami. Daren Juma'a bayan isha'i sai ga wani da muka taso tare, makarantar allonmu ɗaya, shi ke riƙe da harkar jam'iyyarsu a mazaɓarmu. Ya shigo shagona da jakar bakko cike da huluna masu tambari da wasu 'yan ƙananan takardu masu nuna alamar jam'iyya. Ya ce ba wani aiki ba ne, tunda shagona bai fi taku arba'in da ƙofar makarantar ba, in zauna kawai, duk wanda na sani ya zo wucewa in miƙa masa takarda in ce kada ya manta da namu. Dubu ashirin. Na ce masa ba a rufe kamfe ba? Ya yi dariya ya ce ai kamfe na masu lasifika ne, wannan gaisuwa ce tsakanin maƙwabta.

Na yarda. Ba zan ɓoye ba, buhun gero nake lissafi da sukarin azumi.

Da safe na share ƙofar shago, na fito da benci, na kafa hular nan a ka. Wajen ƙarfe sha ɗaya layi ya miƙe har ya wuce gabana, na raba takardu da dama. Ashe wani yaro, ejan ɗin ɗaya jam'iyyar, ya daɗe da saita ni da waya. Ban ankara ba sai na ga matasa sun kewaye ni. Ɗaya ya fizge hular, wani ya zazzage jakar a ƙasa, huluna suka watse cikin kwata. Marin da aka yi mini ta baya har yau ban san mai shi ba, amma kunnena na hagu ya yi sati yana ƙara. Ɗan sandan da ke rumfar, wanda ko bindiga ba ya ɗauke da ita, shi ya kutsa ya riƙe ni ya tura ni cikin shago ya tare ƙofa har motar sintiri ta zo. Da farko na ji haushinsa, daga baya na gane shi ya cece ni.

Abin da ya fi marin ciwo shi ne fitowa. Surukina yana kan layi, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba tun da na auri 'yarsa, yana tsaye da katinsa a hannu yana kallo aka ɗaga ni aka sa bayan mota, takalmi ƙafa ɗaya. Bai ce komai ba, sai ya juyar da kai wajen bango. Ga 'yata mai shekara tara an aiko ta kawo mini koko da ƙosai, ta tsaya a bakin lungu da kwanon a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba, kallona kawai take. Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Har yanzu in motar 'yan sanda ta wuce muna tare sai na ji ta damƙe mini hannu.

A cikin motar na yi ta kiran mutumin nan, tana shiga ba ya ɗauka, can sai na ji a kashe. Na kwana a caji ofis, ɗaki ɗaya da wasu yara da aka kama da gora da wuƙaƙe, ni mai shekara arba'in da wani abu. Sai Lahadi da la'asar yayana da mai unguwa suka zo, aka yi ta roƙo, na rubuta takardar ba zan sake ba, aka sake ni ba tare da an kai kotu ba. Sa'a na yi, kada ka ɗauka kowa haka ake masa. Kafin in fita wani jami'i ya buɗe Dokar Zaɓe ta 2022 ya karanta mini sashe na 126 yana fassarawa, daga nan na haddace abin da zan gaya maka.

Ranar zaɓe, a rumfa ko cikin mita 300 daga rumfa, ba a neman ƙuri'a, ba a lallashin kowa ya zaɓi wane ko ya ƙi wane, ba a kirarin jam'iyya. Ba a sa ko nuna alama, hoto ko katin jam'iyya. Abin hawa mai launi ko tambarin jam'iyya ma an hana, haka jiniya da lasifika in ba ta malaman zaɓe ba. A dokar ta 2022, hukuncin tarar naira 100,000 ne ko wata 6 a gidan yari, kuma a kan kowane laifi daban. Jami'in ya ƙirga mini da yatsu: hula ɗaya, takardu biyu, maganar bakina uku. Ka auna da dubu ashirin. Shi kuma kamfe gaba ɗaya, sashe na 94 na dokar ta 2022 ya ce yana ƙarewa awa 24 kafin ranar zaɓe, to ina batun gaisuwar maƙwabta?

Kuma mita 300 ɗin nan kada ka raina ta, kusan filin ƙwallo uku ne a jere. A cikin birnin Zariya, irin su Kwarbai, Kaura, Limancin Kona ko Unguwar Juma, inda rumfuna ke kusa da juna, kana fita daga da'irar wannan ka faɗa ta waccan. Kai da shagonka ke kallon makarantar, ba ma sai an kawo awo ba.

Shi mutumin, da yayana ya same shi a gida, cewa ya yi shi bai ce in sa hula ba, ni na yi gaban kaina. Mutumin da ranar sunan ɗansa na fari ni na ɗinka masa babbar riga kyauta, da aikin hannu. Bayan sati biyu ya turo mini dubu biyar ta tiransifa, ya kira wani yaro ya ce a tambaye ni ko na ga alat. Ban mayar ba, gaskiya, azumi ne kuma gida babu. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Yau yana wucewa ta ƙofar shagona a mota yana ɗaga hannu kamar ba a yi komai ba, ni ma ina ɗagawa, don unguwa ɗaya, masallaci ɗaya, jana'iza tare. Uwargidana kam ta daina shiga gidansu ko da biki. Ka lura, su masu aiken ba sa zama kusa da akwati, 'ya'yansu ma ba sa zama. Ranar yana can GRA cikin ɗaki mai sanyi yana karɓar rahoto ta waya.

Batun fostar ƙofarka, ni dai shawarata ka ɓamɓare ta tun ranar Alhamis. Na san duk garin nan daga Kofar Doka har Tudun Wada bango ba ya ganuwa don fosta, kuma ba kowane bango ake bi ba. Amma taka tana fuskantar layi, kai kuma kana zaune a ƙarƙashinta, ejan mai neman abin ɗauka ba sai ya wahala ba. Ka jiƙa ta da ruwa ka kankare da wuƙar fenti. In jagoran ya yi magana ka ce yara ne suka yage.

In da gaske son ɗan takarar kake, ba kuɗin ba, akwai hanya. Ka ce su sa sunanka a matsayin ejan, jam'iyya ce ke miƙa sunaye ga INEC tun kafin zaɓe, a ba ka shaidar ratayawa, ka zauna a cikin rumfa da izini, a ƙirga a gabanka, ka sa hannu a takardar sakamako ta EC8A a ba ka kwafi. Shi ma ejan ba a ba shi damar roƙon ƙuri'a ba. Za ka ga yadda zai fara kame-kame in ka faɗa masa haka, don wannan gurbin sun riga sun ba nasu.

Wani abu da na manta: kada ka bari a mai da shagonka wurin raba kuɗi ko taliya, ko a ce mutane su riƙa kawo waya suna nuna hoton ƙuri'a. Shiga da waya wurin dangwale an hana, sayen ƙuri'a kuma hukuncinsa ya fi wancan, a Dokar 2022 ya kai naira 500,000 ko wata 12 ko duka biyu, kuma mai karɓa ma bai tsira ba. Kai da sana'arka waya ce, kai za su fara nema. Ni da kai ne, rufe shagon zan yi ranar gaba ɗaya. Ka fita da wuri tun ana buɗewa 8:30, da kayan da ba su da alamar kowa, ka yi zaɓenka. In kana son ganin ƙirga ka koma gefe ka tsaya shiru, ban da ihu ko da naku ne a gaba, don yawon banza a wurin bayan ka jefa ƙuri'a shi ma yana cikin sashen.

Ka san abin da ya fi ba ni takaici? Ranar ko zaɓen ban yi ba. Na ce sai layi ya ragu, katina yana aljihun gaba aka tafi da ni, a kanta aka karɓe shi tare da waya da carbi. Surukina kuwa sai ranar sallah ya sake amsa gaisuwata da baki. In ba ka da wuƙar kankara ka aiko yaro shagona, akwai wadda na yi amfani da ita a tawa ƙofar.