Okid ɗina sai ganye take yi, ina furen ya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. An ba ni kyautar fulawar okid da furanninta farare tas, ta daɗe a haka sannan duk suka zube, karan ma ya bushe. Tun daga nan ba abin da take yi sai ganye, sabo ɗaya ya fito daga tsakiya, na can ƙasa kuma ya yi ɗorawa ya faɗi. Mutuwa take yi ne, in jefar kawai in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki jefar dan Allah, lafiyarta ƙalau. Yadda kika kwatanta ta, irin da ake kira Phalaenopsis ce, ita aka fi sayarwa ta cikin ɗaki duk da dangin okid sun kai wajen iri 28,000 a duniya. Asalinta dazukan kudu maso gabashin Asiya ne, su Filifin da Indonesiya, kuma can ba a ƙasa take tsirowa ba, a jikin bishiya take maƙalewa saiwoyinta suna reto a iska.

Ita wannan gangar jiki ɗaya gare ta, sama kawai take yi, sabon ganye daga tsakiya yake fitowa, ɗaya ko biyu a shekara ba wani da yawa ba, shi kuma tsohon na ƙasa sai ta janye abin da ke cikinsa ya yi ɗorawa ya faɗi. To in guda ɗaya ne ya faɗi ba komai. Abin tsoro shi ne ki ga ganyen sama ne ke lalacewa, ko biyu uku sun tafi lokaci guda, ko tsakiyar ta yi baƙi ta yi laushi, wannan ruɓa ce kuma yawanci ruwa ne ya kwana a tsakiyar ganyen.

Abin da mutane ba sa ganewa, lokacin ganyen nan shi ne ainihin aikin. Ganyen kamar rumbu ne, a nan take tara abincin da za ta kashe wajen fure, furen da zai yi wata biyu uku a buɗe kuwa ba ƙaramin ci yake yi ba. Kuma karan fure daga gindin ganye yake ɓullowa, galibi ganye na uku ko na huɗu in kika ƙirgo daga sama, kin ga kenan wadda ba ta yi sabon ganye ba ma ina za ta samu wurin fitar da kara. Shi ya sa ni in na ga sabon ganye ya kai wanda ya gabace shi girma ko ya fi shi, hankalina kwance yake. In kuwa kullum ƙanƙancewa yake to da matsala, ko haske ko saiwa.

Haske dai shi ne kan gaba. Tana son wuri mai haske sosai amma ba rana ta buge ta kai tsaye ba, kusa da taga mai labule mara kauri ya wadatar. Ki duba kalar ganyen, in kore ne shar mai duhu sosai, yana burge ido amma alamar hasken ya yi mata kaɗan ne, irin wannan sai ta shekara ba fure. Sai kuma sanyi, wanda shi ne yake tada ta. Muddin zafi ya tsaya sama da digiri 28 na Selsiyus ganye kawai za ta yi ta yi, masu nomanta a manyan gidajen gilashi ma da gangan suke riƙe ta a zafi har ta girma sannan su sauke zafin, shi ya sa kike ganin su da fure a kasuwa kowane wata na shekara. A gida, in ta samu dare mai sanyi kamar digiri 15 zuwa 18 na tsawon sati uku huɗu sai kara ya leƙo. Daga leƙowarsa zuwa buɗewar furen farko ki sa wata biyu zuwa uku a ranki, ba ta gaggawa sam.

Tambaya: Anti barka da aiki. Tawa wani abu kore ya fito a gefe, na kasa gane saiwa ce ko karan fure. Kuma bara ƙunshin furen sun fito har guda bakwai amma suka yi ta bushewa suna zubewa tun ba su buɗe ba, me ya jawo?

Amsa: Ɗan uwa ka ɗan ba shi sati ɗaya za ka gane. Saiwa bakinta zagaye ne sumul, kore mai sheƙi, jikinta kuma sai ya koma fari-fari kalar azurfa, tana iya nufar ko'ina. Karan fure kore ne gaba ɗaya, bakinsa a ɗan baje da tsagi, kuma haske yake bi yana yin sama. In saiwa ce ma kar ka yanke ta wai don ta fito waje ta ɓata kyau, haka halittarta take, farar fatar nan ita ke tsotsar ruwa, in ka jiƙa ta za ka ga nan take ta koma kore. Da wannan ma ake gane lokacin ban ruwa, in saiwoyin cikin tukunya suna kore a bari tukuna, in sun yi fari a ba ta ruwa sosai ya tsiyaye ta ƙasa. Maganar ɗora mata ƙanƙara da ake yaɗawa a intanet ni dai ban yarda da ita ba, shukar dajin zafi ce, me ya haɗa ta da ƙanƙara.

Zubewar ƙunshi kuma canji ne ba ta so. An ɗauke ta daga wuri zuwa wuri, ko iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki na dukanta, ko an bar ta ta bushe ƙamas sannan aka kwarara mata ruwa. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba, iskar gas mai suna etilin da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna, hayaƙi ma na ɗauke da ita, kaɗan ya isa ya zubar da ƙunshin duka. Da zarar kara ya fara tsawo ka ɗaure shi a jikin ɗan sanda tun yana da taushi, ka daina juya tukunyar, don kowane ƙunshi sai ya murɗa kansa kafin ya buɗe yadda leɓen furen, wato ɓangarensa mai kama da leɓe, zai dawo ƙasa, in kana ta juyawa sai su fito kowanne ya kalli gabansa.

Tambaya: Bayan furen ya ƙare in yanke karan ko in bar shi?

Amsa: In ya bushe ya yi ruwan ƙasa, yanke shi daga gindi da almakashi mai tsafta. In har yanzu kore ne akwai zaɓi, za a iya yankewa kaɗan a saman gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, wani lokaci reshe ya fito ya sake fure, sai dai ƙanana ne kuma ba su kai na farko yawa ba, wani lokacin ma 'yar jaririyar shuka ce za ta fito a gaɓar, a bar ta sai ta yi saiwoyinta kafin a cire. Ni in shukar ba ta wuce ganye uku ba ko ganyen ya yi yaushi, daga gindi nake cewa a yanke, ta koma yin ganye. Wannan duk maganar Phalaenopsis ce fa, wasu irin okid ɗin, su Cattleya da Oncidium, sabon toho suke fitarwa a gefe kuma shi ne yake fure, karansu in ya gama ya gama, sai dai kar a cire tsofaffin kumburarrun gindin nan nasu, a ciki suke ajiye ruwa da abincin da sabon tohon zai tashi da shi.