Haƙorina ya daina zugi, amma ƙurji ya fito a dasashi: ko na warke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kusan wata biyu ina fama da ciwon wani haƙori na sama, can ciki ta hagu. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake tsarga mini, daga baya ya koma zugi da daddare, ko barci ba na iya yi. Na sayi magani a kemis, na kuma danna kanumfari a kogon. Yanzu zugin ya tafi, sai dai wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, yana fitar da ruwa mai wari. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce ta mutu. Ina tsoron cirewa don an ce cire haƙorin sama yana taɓa ido. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan ɓoye miki ba, bisa abin da kika bayyana, ba ki warke ba. Alamu sun nuna jijiyar haƙorin ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara ƙarƙashin saiwarsa. Ki je asibitin haƙori cikin kwanakin nan.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin rufi na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan taushi, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. Can tsakiya kuma akwai ɗaki ƙarami inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su mai da shi tsami, tsamin ya riƙa zaizayar rufin har ya yi kogo. Babu tsutsa a ciki ko kaɗan. Masu nuna wa mutane tsutsa a ƙwarya da abinsu suke zuwa.

Lokacin da ruwan sanyi yake tsarga miki sannan ya lafa nan take, kogon ya kai hawa na biyu ne kawai. Da a ranar kika zo, da an goge ruɓaɓɓen wurin an yi ciko, aikin da ba ya wuce zama ɗaya. Zugin dare kuwa alama ce ta cewa jijiyar ta kumbura. Tana cikin ɗaki mai bangon da ba ya buɗawa, kumburin ba shi da wurin zuwa, idan kika kwanta kuma jini ya ƙara taruwa a kai, shi ya sa abin ya fi tsanani da daddare. A ƙarshe matsin ya kashe jijiyar, sai ciwo ya ɗauke. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa su ce magani ya yi aiki. Ƙurjin da kike gani ƙofa ce da mugunya ta huda wa kanta ta cikin ƙashi. Muddin tana tsiyayewa ba za ki ji zafi sosai ba, ranar da ƙofar ta toshe kuma fuska ce za ta haye.

Maganin kemis, irin su amoxicillin da Flagyl, ba ya raba ki da wannan. Jini ne ke kai magani inda cuta take, haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuwa jini ya daina shiga cikinsa. Kumburi zai lafa na ɗan lokaci, ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne yawan shan waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, sai ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Kanumfari yana da wani mai da ke dusashe zafi, mu ma muna amfani da shi a wasu kayan aikinmu, amma iyakarsa ke nan. Ki guji ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa kuwa, don Allah kada a kusance su.

A asibiti likita zai duba, ya ƙwanƙwasa haƙorin, a ɗauki hotonsa don a ga saiwa da ƙashin da ke kewaye. Daga nan hanya biyu ce. Idan jikin haƙorin yana da sauran ƙwari, za a yi allurar kashe zafi, a huda ta sama, a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke ramin saiwar, a cike shi, sau da yawa kuma a yi masa hula don kada ya tsage. Yakan ɗauki zama ɗaya zuwa uku, ya fi cirewa tsada, amma haƙorinki yana nan. Ni na fi son wannan duk inda zai yiwu, domin giɓi yana sa na kusa da shi su karkata, tauna ta koma ɓangare guda. Idan ya ci ya wuce gyara, sai a cire.

Batun ido ki kwantar da hankalinki. Jijiyar gani daban, jijiyar haƙori daban. Abin da ke iya kumbura ƙasan ido shi ne mugunyar da aka bari a haƙorin sama, wato rashin yin maganin. Bayan cirewa ki ciji audugar da aka sa miki kamar minti 30, kada ki kuskure baki ko ki riƙa tofar da yawu har awa 24, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ne tushen warkewa. Kashegari ki fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri.

Ga sauran masu karatu, ba kowane ciwon baki ne daga kogo ba. Dasashin da ke jini lokacin asuwaki yawanci datti ne ya daskare a gindin haƙora, burushi ba ya cire shi sai wankin asibiti. Ya fi tsananta ga masu ciwon suga da masu juna biyu, kuma idan aka ƙyale shi haƙora kan fara girgiɗi. Haƙoran ƙarshe na can ciki, masu fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, sukan rasa wuri su kumbura naman da ke kansu. Ƙananan gyambunan leɓe da harshe suna warkewa da kansu cikin mako 1 zuwa 2, amma wanda ya wuce mako 3 dole a duba shi, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba a baki. Yaro mai tamowa da dasashinsa ya ruɓe, bakinsa yana wari, kumatunsa ya kumbura, a garzaya da shi a ranar: cutar noma mai cinye naman baki da fuska ke nan take farawa, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999.

Kafin ki samu ganin likita, farasitamol ya isa idan zafi ya motsa, ki ci gaba da goge baki safe da dare da man goge baki da ke da fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa rufin haƙori. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori. Idan kuwa kika ga fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, kada ki jira gari ya waye, ki nufi sashen gaggawa ko tsakar dare ne.