Zan fara wasan keken lemar iska da kayan hannu: me zan saya, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sha'awar wasan nan da mutum ke zama cikin ƙaramin keke mai ƙafa uku, wata babbar lema tana sama iska na kaɗa ta, ita kuma tana jan keken a kan yashin bakin teku. Ina so in fara, amma ƙarfina bai kai na sababbin kaya ba. Na samu wani yana sayar da tsohon keke haɗe da lemar tsere mai murabba'in mita 7 da hular kwano, duka a dunƙule kuma da araha. Nauyina kilo 75, ban taɓa riƙe irin wannan lema ba. In saya? Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Keken, in ya tsallake binciken da zan zayyana maka, saye shi. Lemar kuwa ka bar masa abarsa, in kuma ya ce ba zai raba kayan ba, to ka karɓa ka naɗe ta ka ajiye sai hannunka ya nuna. Hular kwanon ma ba na so ka dogara da ita. Bari in fara da lemar, domin a nan ne masu farawa suke jin ciwo.

A wannan wasa lema ce inji, amma totur ɗin ba a hannunka yake ba, yana hannun iska. Ƙarfin jan lema ninkuwa yake yi idan iska ta ƙaru: in gudun iska ya tashi daga kilomita 15 a awa zuwa 30, jan ya ninka sau huɗu. Bayan haka, lemar da ke gudu a sama tana ƙara wa kanta iska da gudun nata, shi ya sa in ta taho daga gefe ta ratsa tsakiyar sararin da ke gabanka sai ka ji kamar kafaɗunka za su cire. Lema mai mita 7 a iskar da ake kira matsakaiciya tana iya fizge mai kilo 75 daga tsaye ta ja shi a ƙasa da fuska, ko ta ɗaga shi sama ta sake shi. Ta tsere kuma ta fi muni ga sabon hannu. Ana ɗinka ta doguwa siririya domin gudu, ba ta haƙuri da kuskure, in iska ta ɗan yanke sai ta naɗe ta zubo, kafin ka farga ta sake buɗewa da ƙarfi a daidai inda jan ya fi tsanani. Irin waɗannan suna da yawa a kasuwar kayan hannu, kuma su ne masu araha, saboda 'yan tsere suna yawan canza lemominsu, masu saya kuma kaɗan ne. Arahar ce take yaudarar mai farawa.

Abin da kake bukata shi ne lema mai murabba'in mita 3 ko kusa da haka, wadda aka ɗinka domin masu koyo, mai igiya huɗu da mariƙai biyu. Igiyoyin sama biyu su ne na ja, na ƙasa biyu su ne na birki, waɗanda in ka karkato mariƙan suna janyo bakin lemar na baya ta rage ƙarfi ko ta sauko a hankali. Kamfanoni irin su Peter Lynn da HQ da Ozone da Flexifoil duk sun daɗe suna yin irin wannan, kuma ana samun su na hannu da yawa domin mutane kan sayar da su in sun girme su. Ni shawarata ko ka ƙware kar ka sayar da taka, ita ce za ta zama lemarka ta ranar iska mai ƙarfi. Lema mai igiya biyu kawai ba ta da birki, ba ta dace da keke ba. Lemar masu wasa a kan ruwa, wadda ake hura wa iska da famfo, tana iya jan keke, sai dai in ta bugi busasshiyar ƙasa da ƙarfi ledar cikinta tana fashewa, kuma mai koyo dole ya buga lema da ƙasa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Tsufan lema ba ya fitowa a hoto, dole sai ka taɓa ta. Yadin nailan ne mai shafe da wani sinadari da ke hana iska ratsa shi, rana da yashi da gishiri kuma suna cinye wannan shafen a hankali. Yadin da ke da sauran rai za ka ji yana ƙara a hannu in ka murza shi, wanda ya mutu kuwa laushi tiɓis kamar tsohon mayafi. Ka ɗora bakinka a saman lemar kusa da bakinta na gaba, inda rana ta fi duka, ka ja numfashi ta cikin yadin. In iska ta wuce ba wahala, lemar ta gama aiki: za ta riƙa nauyin tashi, ta ƙi hawa sama sosai, kai kuma ka ɗauka rashin iyawarka ne. Sannan ka leƙa cikin aljihunanta, wato ɗakunan da iska ke cikawa a jikin lemar, ɗaya bayan ɗaya a gaban haske. Tsakanin kowane aljihu da na kusa da shi akwai bangon yadi, kuma shi ne yake fara yagewa in lema ta faɗi da baki, domin iskar da ke ciki ba ta da mafita. Ƙaramin faci a tsakiyar yadi ba ya tayar mini da hankali in an yi shi da kyau. Bangon ciki da ya yage, ko ɗinkin da ya saki a wurin da igiyoyin linzami suka kama jikin lemar, wannan gyara ne mai wuya, ka wuce.

Igiyoyin linzamin, wato ƙananan nan masu rassa da ke haɗa lemar da dogayen igiyoyi, su ne suke ba ta siffarta a sama. In an tsinke ɗaya an ƙulla, tsawonta ya canza, lemar za ta riƙa karkata gefe guda har abada. Ka shimfiɗa ta ka gwada ɓangaren dama da na hagu, su zo daidai.

Dogayen igiyoyin kuwa, yawanci tsawon mita 20 zuwa 25 ne, na zaren Dyneema. Zare ne mai ƙarfin gaske, amma ƙulli yana rage masa ƙarfi sosai, kuma ba ya jure zafi, yana narkewa tun wajen digiri 150, don haka in igiyar wani ta goge taka a sama nan take tana iya yanke ta. Ka ɗaure bakunan huɗun a wuri guda, ka ja mariƙan ka gani ko biyun sama sun yi daidai da juna, biyun ƙasa ma haka. In ka ga gashi-gashi a jikinsu ko ƙulli a tsakiya, ka sa kuɗin sabuwar igiya cikin lissafinka tun kafin ku yi ciniki. Kar kuma ka tashi lema ba tare da maɗaurin wuyan hannu ba, waɗannan igiyoyin roba da ke haɗa hannunka da igiyoyin birki. In abu ya fi ƙarfinka ka saki mariƙan, su ne za su janyo birki lemar ta mutu ta faɗo, maimakon ta tafi da mariƙai suna lilo ta sami wani a kai. In babu su cikin kayan, saye sababbi.

Keke shi ne inda kayan hannu suke da daɗi. Jan abin hawa da lema tsohon tunani ne, tun 1826 wani malamin makaranta a Ingila mai suna George Pocock ya yi rajistar wani keke irin na doki da lema ke ja a maimakon doki. Amma ƙaramin keke mai ƙafa uku da muke hawa yau ya yaɗu ne daga aikin Peter Lynn na garin Ashburton a Niyu Zilan wajen 1990, kuma siffar keken masu koyo ba ta canza sosai ba tun daga nan: taya ɗaya a gaba da ake juya ta da ƙafa, biyu a baya a kan doguwar sandar ƙarfe, mazauni na yadi a tsakiya dab da ƙasa. Ba sarƙa, ba giya, ba birki. Saboda haka keke mai shekara goma sha biyar, in ƙarfensa lafiya, zai koya maka duk abin da sabo zai koya maka.

Ka wanke shi ko ka goge shi kafin ka duba, domin laka tana ɓoye tsaga. Ka bi kowace walda da ido, musamman wuyan keken inda ƙafar gaba take juyawa, da inda sandunan gefe suka haɗu da sandar baya, da matakan ƙafa. Yawanci da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su, to siririn layin tsatsa a bakin walda sau da yawa alamar tsaga ce. Ka tsaya a bayansa ka hango sandar baya, in ta lanƙwashe tayoyin za su karkata ciki, wannan keke ya sha tsalle ko karo. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta, ka kuma girgiza ta gefe da gefe. Ƙara ko lilo na nufin boris ya mutu, kuma wannan ba abin fasa ciniki ba ne, boris kayan canji ne da ruwan gishiri ke cinyewa ko a sabon keke. Abin da ya fi damuna shi ne noti ko ƙusar taya da ta kafe a cikin sandar ta ƙi kwancewa, don haka ka tafi da sifana ka gwada a gaban mai shi. Mazaunin yadi da ɗamarunsa ana iya ɗinke su ko a canza.

Sai ka zauna a ciki. Mutane suna mantawa da wannan, alhali ya fi sunan kamfani muhimmanci. Sandunan gefe su riƙe ƙugunka ba tare da sun matse ka ba, domin lema daga gefe take ja, in mazaunin ya yi maka yawa za ta zare ka daga ciki. Ƙafafunka a kan matakai, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, yadda in ka juya tayar gaba har ƙarshe ƙafarka ba za ta kuɓuce ba. Tayoyi irin na baro sun isa a kan yashi mai tauri ko gajeriyar ciyawa. Manyan tayoyi masu faɗi na yashi mai laushi ne, suna da nauyi da tsada, ba yanzu ba. Keken tsere mai tsawo da nauyi shi ma ka bar shi, yana da wuyar juyawa ga mai koyo da wuyar ɗauka. In ka ga an ɗaura wa keken bel da zai ɗaure ka a ciki, cire shi, na masu tsalle ne da suka san abin da suke yi.

Hular kwano sabuwa za ka saya. Kumfar da ke cikinta bugu ɗaya mai ƙarfi take karɓa, bayan nan ko bayanta na ƙyalli ta riga ta mutu, kuma ba ka san tarihin ta hannu ba. Ƙwararru sun haura kilomita 130 a awa a busasshen tafkin Ivanpah na Amurka. Kai ba za ka je kusa da haka ba, amma kilomita 30 ma, kana zaune ƙasa-ƙasa babu abin da ya kare ka, ya isa ya fasa kai in keke ya kife. Ka haɗa da safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da makarin gwiwa.

In kayan sun haɗu, keken ya jira tukuna. Ka tashi lemar kana tsaye, a iskar kilomita 12 zuwa 20 a awa mai tafiya bai-ɗaya, har sai ka iya ɗaga ta, ka tsayar da ita a saman kanka, ka kai ta gefen dama da hagu inda janta ke raguwa, ka saukar da ita da birki, ka tayar da ita in ta faɗi da baki, duk ba tare da ka zuba mata ido kowane lokaci ba. Ka kuma gwada sakin mariƙan da gangan har hannunka ya saba, domin ranar firgici hannu ƙanƙamewa yake yi. Ɗamarar ƙugu mai ƙugiya, wadda ake rataya jan lemar a kanta don hutar da hannu, ka bar ta sai gaba, tunda wanda ya maƙale da lema ba ya iya sakinta da sauri.

Ranar da ka zauna a keke, ka gitta iska, wato ta riƙa bugun ka daga gefe. Ka ɗan karkata keken wajen lemar, ka sauko da ita gabanka a hankali har taya ta motsa, sannan ka miƙe. Kuskuren farko na kowa shi ne bin lemar kai tsaye, sai igiya ta saki, lema ta faɗi, taya ta naɗe igiyoyin. Na biyu ya fi haɗari, wato barin lema ta koma bayanka kana gudu, nan take za ta fizge ka ta baya daga mazauni. Tsayawa kuma da juya keken wajen inda iska ke fitowa ake yi, kana ɗaga lemar sama sannu a hankali. Kar ka taɓa sa ƙafa a ƙasa don ka tsaya, tayar baya ko sandar za ta hau ta ta karya.

Wurin wasa ya zama fili buɗaɗɗe, yashin da ruwan teku ya janye ya bari da tauri ko busasshen fili mai laushin bi, iska kuma tana zuwa ba ta ratso gine-gine ko itatuwa ba, domin irin wannan fizga take yi. Gabanka, inda iska ta nufa, ya zama babu mutum, babu hanya, babu wayar lantarki, aƙalla tsawon igiyarka sau uku, kuma in hadari ya haɗu ka naɗe kaya. Ka nemi dokar wurin kafin ka je. A gaɓar Sankt Peter-Ording ta Jamus, misali, sai da lasisi da inshora ake hawa, a tsibiran Fanø da Rømø na Denmak kuma an keɓe wa masu keke ɓangarensu na gaɓar. Inda akwai ƙungiyar masu wasan, ka shiga tun kafin ka biya kuɗin komai: ta nan ake samun inshora, ta nan kayan hannu masu tarihi sananne suke fitowa, kuma za ka sami wanda zai raka ka ya tashi lemar a gaban mai sayarwa kafin ku gama ciniki.