Tana karatu har tsakar dare amma maki ya ƙi tashi, me zan yi mata kafin bak?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, ya iyali ya zafi. Ni uwa ce daga nan Garwa ta Kamaru. Yarinyar wajena tana ajin taminal D, wato ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, bana za ta rubuta bak, jarrabawar kammala sakandare. Probatuwar, jarrabawar da ake ci kafin a shiga taminal, sai a karo na biyu ta samu, shi ya sa gabana ke ta faɗuwa. Wallahi tana karatu, wani lokaci har ƙarfe ɗaya na dare littafi na hannunta tana maimaitawa, ga kuɗin repetisiyo, wato ƙarin darasi bayan makaranta, muna biya duk wata, amma da aka kawo sakamakon zango na biyu muwayen ɗinta, wato matsakaicin makinta, 9 ne da 'yan kai cikin 20, lissafi kuwa 6. Ita likita take so ta zama. Ni allo na yi da islamiyya, ban yi lekol ba, wato boko, Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Baffanninta har sun fara cewa in ta faɗi a yi mata aure a huta. Me zan iya yi mata a ɗan lokacin da ya rage?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, lafiya lau alhamdu lillahi, zafi kam sai haƙuri. Ki kwantar da hankalinki tukuna, mai 9 bai yi nisa da 10 ba, kuma 10 cikin 20 ita ake nema a ci bak. Na daɗe ina koyar da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, ina kuma cikin masu gyaran takardun jarrabawa, irin yarinyar nan taki su ne suka fi yawa a hannunmu, yara masu ƙoƙari da ke shan wahala a inda ba nan makin yake ba.

Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne “littafi na hannunta tana maimaitawa”. Hadda take yi ke nan. Hadda ba abin rainawa ba ce, mu duka da ita muka tashi a makarantar allo kuma can ita ce daidai, ko a lekol ma akwai abin da sai an haddace, kamar fomil na lissafi da shekarun tarihi. Sai dai a bak na D ba wanda zai ce ta karanto darasi da ka. Yanzu takardar kashi biyu ake raba ta, kashin farko ana gwada abin da ta koya kai tsaye, kashi na biyu kuma sai a ba ta ɗan labari, a ce ga wani manomi yana da fili mai siffa kaza, yana so ya kewaye shi da waya, ga farashin mita, ga kuɗin da ke hannunsa, shin za su ishe shi? Ba za a gaya mata babin da za ta ɗauko ba, ita za ta gano da kanta. Yaron da bai taɓa zama shi kaɗai da biro ya yi fama da irin wannan ba, ko ya haddace littafin daga bango zuwa bango, ranar sai ya zauna yana kallon silin. Ke kin sani ba a koyon tuƙin tuwo da kallo, sai an riƙe muciya an yi gudaji sau da yawa.

To abin da za ki sa ta yi daga wannan makon: ta nemo tsofaffin takardun bak na shekarun baya, na Ofis di Bak wanda ke shirya probatuwar da bak, ana samunsu a wurin malamansu, a shagunan fotokofi na bakin lise, har a waya yara na tura wa juna. Ta fi ba da ƙarfi kan na 'yan shekarun nan saboda su ne ke da wancan kashi na biyun. A saman kowace takarda an rubuta lokacinta, wata awa 2, wata 3, wata har 4. Ga inda aikinki yake, kuma bai buƙatar Faransanci ko kalma ɗaya. Ke za ki riƙe agogo. Ki karɓe littattafan da wayar ki ajiye a ɗakinki, ki bar mata takardar da biro da kalkuleta, ki hana ƙannenta shiga, in lokaci ya cika ki ce ajiye biro ko da tana tsakiyar layi. Na farko zai yi muni, wataƙila ta yi kuka ma, ba komai, gara ta yi kukan a tsakar gidanku a watan Afrilu. Bayan nan sai ta ɗauki jan biro ta gyara da kanta ko ta kai wa malami, duk inda ta faɗi ta koma wannan babin kaɗai ta sake yin atisaye a kai. Sau biyu a mako ya isa, Laraba da yamma da ake tashi da wuri, da Asabar ko Lahadi.

Sai maganar koyif, wadda yara da yawa sun san ta amma ba sa aiki da ita. Darussan ba nauyinsu ɗaya ba, kowanne ana ninka makinsa da wata lamba kafin a haɗa. Mu ce darasi mai koyif 4 ta tashi daga 6 ta kai 9, ta ƙaru da maki 12 ke nan. Wani mai koyif 2 ta tashi daga 13 ta kai 15, abin da ta ƙaru da shi 4 ne kacal, alhali wahalar kusan ɗaya. Amma ɗan Adam abin da ya iya shi yake son karantawa, sai ki ga yarinya ta kwana kan tarihi saboda yana mata daɗi, lissafin da ke ba ta tsoro an tura shi gobe, goben da ba ta zuwa. A D nauyin yana kan ilimin halittu, lissafi, fizik da shimi, wato kimiyyar sinadarai. Ki ce ta rubuto koyif na kowane darasi daga wurin sanser, mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ta liƙa a bango, ta raba lokacinta a kan haka. Kuma ba a ce ta zama gwanar lissafi a wata biyu ba. Ta zaɓi babi uku ko huɗu da ta ga suna dawowa kusan kowace shekara a tsofaffin takardun, ta riƙe su gam, daga 6 zuwa 9 abu ne da nake gani duk shekara.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a teburin gyara, don ki gaya mata. Muna da takardar rabon maki a gabanmu, kuma ba amsar ƙarshe kaɗai ake biya ba, kowane mataki da ɗan rabonsa. Wadda ta rubuta fomil daidai, ta saka lambobin, ta zo ta yi kuskure a ƙarshe, tana tafiya da wani abu. Wadda ta bar wurin fari fat saboda “ban tabbata ba”, ko ina sonta ba abin da zan iya ba ta, ban ma san ko wace ce ba tunda an rufe suna. A fizik a rubuta 25 a bar shi tsirara, ba mita ba sakan, maki ya tafi. A ilimin halittu kuma a ba su zane a ce ku duba ku faɗi abin da ya nuna, sai yaro ya kwashe shafi biyu yana juye darasin aji bai ko kalli zanen ba, ka karanta ka ji tausayi ka ba shi kusan sifiri. Ta karanta tambaya sau biyu, ta ja layi ƙarƙashin abin da aka ce ta yi, ta rubuta gajerun jimloli masu tsabta. Dogon Faransanci ba ya burge mai gyara da ke da tarin takardu a gabansa cikin zafin nan.

Akwai wata dabara da za ki ji daɗinta. Da yamma kina aiki ki ce ta zo ta yi miki bayanin abin da ta karanta da Hausa. Misali a darasin gado suna yin sikila, ki tambaye ta me ya sa iyaye biyu lafiyayyu suke haifar mai sikila. In ta iya fahimtar da ke cewa uba AS ne uwa AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma wannan ba ya nufin in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai, to ta gane. In ta tsaya tana jero miki kalmomin Faransanci ba ta iya warware su, haddar ce har yanzu.

Repetisiyo kuwa ban ce ki daina ba, ban kuma ce ki ci gaba ba sai kin duba. Ki karɓi littafin da take zuwa da shi ki buɗe. In kin ga rubutunta da gogewa da jan biro ya bi ta kai, ana aiki. In shafukan tsaf suke kamar an kwafo daga allo, kuma ta ce miki su arba'in ne a ɗakin, to aji na biyu kike biya wa, gara ki ba da kuɗin a yi mata fotokofi ta haɗu da ƙawaye biyu ko uku masu himma su riƙa yi tare. Kada su wuce huɗu, daga nan hira ce.

Karatun ƙarfe ɗaya na dare ma a daina. Kan da bai yi barci ba ba ya riƙe komai, gobe a aji sai gyangyaɗi. A wannan zafin na Garwa lokacin da ya fi albarka shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, ga shi ba ruwanki da ko an ɗauke wuta. Ta kwanta ƙarfe goma. Kuma Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, 'ya mace a gidajenmu ita ce wanke-wanke, ita ce shara, ita ce ɗora tukunya da goyon ƙani, namiji yana dawowa ya ci ya ɗauki littafi. Wata biyun nan a sauke mata, ƙannen su ɗauka. Kofi mai yawa da ƙwayoyin da wasu yara ke sha don kada su yi barci, musamman tramol, ki sa ido sosai.

Za ki ji ana maganar “ruwa” in jarrabawa ta matso, wai ga tambayoyin sun fito a WhatsApp a turo kuɗi. Yawanci damfara ce, wanda ya zama gaskiya kuma in an gano ana iya soke takardar kowa ya sake, wanda aka kama da shi a hana shi rubutawa na wasu shekaru, wani har kotu. Haka mai cewa ya san wani a ciki zai gyara mata maki, kada ki ba shi ko dala.

Yanzu likitanci. Bak ba ya shigar da mutum makarantar likita, sai an ci konkur, wato jarrabawar gasar shiga, na ƙasa baki ɗaya, masu nema dubbai kujeru kaɗan, ga iyakar shekaru. Abin daɗi yanzu muna da tsangayar likitanci a nan Garwa, jami'ar Garwa kanta an kafa ta a 2022. Ta nema, ban hana ba, amma gaskiya mai 6 a lissafi yau sai ta yi da gaske, don haka kada ta rataya a kan ƙofa ɗaya. Akwai konkur na ma'aikatar lafiya na makarantun nas da ungozoma, kuma ke kin san yadda matanmu ke neman mace a ɗakin haihuwa. Akwai makarantar likitan dabbobi a Ngaundere da IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'a, akwai Politeknik da makarantar horar da malaman lise a Marwa. In duk ba a dace ba, tsangayar kimiyya ana shiga da dosiye, wato takardun neman shiga, ba konkur, kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, ban da ɗaki da abinci, tana ciki tana iya sake gwada konkur ɗin baɗi. A lise ɗinsu akwai malamin ba da shawara kan zaɓin karatu, yara ba sa zuwa wurinsa, ki ce ta je.

Takardu kuma tun yau, don wannan ya fi lissafi kayar da yaran arewa. Ki sa wanda ya iya karatu ya jera takardar haihuwarta, katin ɗan ƙasa, takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da ta probatuwar, ya duba harafi bayan harafi. Suna ɗaya a rubuta Haoua a nan, Hawa a can, Aoua a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta, sai a mayar da dosiye ana saura kwana biyu a rufe, gyaran kuma wani sai an bi ta kotu, ba aikin mako ɗaya ba ne. In ba ta da katin ɗan ƙasa a fara nema yanzu. Ki tanadi 'yan kuɗin tambur da hotuna da sa hannun su-firefe, jami'in mulki na gunduma, a kan kwafi. Takardar kotu mai nuna ba ta da laifi ita kam kada a yi gaggawar cirowa, wata uku take yi ta tsufa, a jira sai an sanar da konkur.

Maganar baffanni ba ni da hurumin shiga sha'anin gida, abin da zan roƙa kawai ki lallaɓa su su ajiye zancen har sakamako ya fito a watan Yuli, kuma kada a riƙa yinsa a gabanta, yarinyar da ke jin an ɗora aurenta a kan takardar lissafi hannunta rawa zai yi a ɗakin jarrabawa. Ko da ba a dace bana ba probatuwar ɗinta na nan ba ya lalacewa, tana iya maimaita aji ko ta rubuta daga gida. In sun yi bak na gwaji a makaranta ki aiko min da makin darasi bayan darasi, da koyif ɗin, sai mu ga inda za a ƙara matsawa a makonnin ƙarshe. Allah ya ba ta sa'a, a gaida mutan gida.