Kwana a dajin Algonquin farkon Mayu

Ɗan uwa, ka tambaya ko farkon Mayu ya yi a shiga dajin Algonquin na Ontario da kwalekwale a kwana a tanti. Ya yi, ni ma lokacin na fi so, don ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo ba su fito ba tukuna, sai wajen ƙarshen wata suke addabar mutane. Amma fa ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba, ruwan sanyi ƙarara, in kwalekwale ya kife cikin mintuna hannu zai sandare, don haka rigar hana nutsewa a jikinka kullum kuma ka riƙa bin gaɓa. Ka yi bukin wurin kwana tun da wuri. Abinci kuwa a rataye shi kan bishiya da dare saboda beyar.