Wutar DPF ta kama: me za ka fara dubawa?

Yarona, ka ce in wutar DPF ta kama a dashbod, me zai hana mu jona na'ura mu goge kod, mu tilasta wa motar ta ƙone dattin, mai ita ya kama gabansa. In ka yi haka motar za ta dawo maka, wataƙila da ciwon da ya fi na farko. DPF ɗin nan, wato matatar da ke tace baƙin hayaƙi a salansar motar dizal, da wuya ta toshe haka kawai. Yawanci wani abu ne a inji ya lalace, ita kuma ta kwashi dattinsa.

Cikin tukunyar nan ta salansa akwai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an toshe wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, don dole hayaƙi ya ratsa bango ya bar kunkunniyarsa. Tun da aka kawo ƙa'idar rage hayaƙin mota ta Euro 5 a Turai a 2009, kusan duk motar dizal da aka ƙera don can da ita take fitowa. Kunkunniyar ba ta ƙonewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 600. Don haka in ta taru, kwamfutar mota takan ƙara fesa mai, ya je ya ci wuta a salansa, zafi ya hau. Motar da kullum gajeriyar tafiya take yi, a tayar a kashe, ba ta samun damar gama wannan ƙonawa.

Fara da kalar wuta. Ja, musamman ta baƙin mai ko ta zafin inji, kashe mota nan take. In ta DPF ce kaɗai, ruwan ɗorawa, kuma mota ba ta rage ƙarfi ba, sau da yawa tafiyar minti 20 a buɗaɗɗen titi, inji na juyawa wajen sau 2,000 a minti, takan kashe ta. Amma a zuba mai tukuna, domin motoci da yawa ba sa fara ƙonawa in wutar tanki na kunne. In kuwa wutar inji ta biyo ta, ka taka totur mota ta ƙi tashi, to an wuce maganar tafiya.

Sai ka jona na'ura. Ka rubuta duk kod ɗin da ka gani kafin ka goge ko ɗaya. P2463 na nufin kunkunniya ta yi yawa, P242F toka ce ta taru, P2002 kuma matatar ba ta tacewa yadda ya kamata. Waɗannan ciwon suke gaya maka, ba sanadinsa ba. Waɗanda ke gefensu su ne abin nema: na bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, irin P0401, na tobo, na sensar zafin salansa, har na hita fulogi, domin a wasu motoci ɗayansu kaɗai ya isa ya hana kwamfuta fara ƙonawa.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne sensar matsin hayaƙi. Da ita kwamfuta ke gane yadda matatar ta cika, ta siraran tiyo biyu, ɗaya gaban matata ɗaya bayanta. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka duba na'ura: ya kamata matsin ya nuna sifili ko dab da shi. In ya nuna wani adadi babba alhali babu hayaƙin da ke wucewa, sensa ce ke ƙarya. Tayar, ka ba da wuta a hankali, adadin ya rinƙa hawa tare da juyin inji. In ya tsaya cak, ciro tiyon ka lanƙwasa shi a hannunka. Za ka ga wani ya bushe ya tsage daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa, wani kuma ya cushe da baƙin datti har iska ba ta wucewa. An sha zubar da matata lafiyayya saboda ɗan tiyon nan, kuma abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Duba zafin ruwa ma. In tamostat ya maƙale a buɗe, ko wani ya cire shi, inji ba zai kai zafinsa ba, kwamfuta kuma ba za ta taɓa ba da umarnin ƙonawa ba. Nozul mai ɗigo da tiyon tobo mai yoyon iska kuwa, hayaƙi suke ninkawa.

Kafin ka tilasta ƙonawa da na'ura, zaro sandar gwajin baƙin mai. In ya haura alamar sama, ka shinshina ka ji warin dizal, to man da ake ta fesawa ne ya gangara ƙasa. Canza shi tukuna, domin irin wannan kan cinye ƙarfen inji, har ya sa inji ya ɗauki gudu da kansa ya ƙi mutuwa. Kuma in kunkunniya ta wuce iyakar da kamfani ya sa, kada ka ƙona. Zafin zai iya tsaga matatar ko ya narkar da cikinta. Ciro ta a wanke. In za ka ƙona, ka fitar da mota fili, nesa da busasshiyar ciyawa da jarkar mai, ka tsaya a kanta har ta gama.

Toka kuwa ba ta ƙonewa ko ka kwana kana yi. Daga baƙin mai take fitowa, shi ya sa motocin nan ke buƙatar mai ƙarancin toka, wanda za ka ga an rubuta ACEA da harafin C a jikin galan, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Tsohuwar matata da toka ta cika sai wanki da injin wankinta ko sabuwa.

Za a zo a ce ka fasa cikinta ka huta. Kada ka yi. Wannan baƙin hayaƙin huhun mutane yake shiga, kai da ke tsaye bayan salansa kullum kai ne na farko, kuma ciwon da ya toshe ta yana nan a inji. In ka gama gyara, sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce: matata mai lafiya ba ta barin baƙi. Sannan ka tambayi mai mota irin tafiyar da yake yi da man da ake zuba masa, ka gaya masa in ya ji fanka na ta gudu kuma silo ya ɗan hau, ƙonawa ake yi, ya daure ya ci gaba da tafiya har ta gama.